Tsoro da Sani a Waƙoƙin Wa'azi na Hausa

Duk wanda ya taɓa koyar da rubutacciyar waƙar Hausa a aji ya san abin da kan faru in an zo kan waƙoƙin wa'azi. Malami ya karanta baitocin kabari da na wuta, ɗalibai su yi tsit, sa'an nan a rubuta a allo cewa jigon waƙar shi ne tsoratarwa, a wuce zuwa kari da amsa-amo. In jarrabawa ta zo kowa ya maimaita kalmar, ya sami makinsa. Ba a ce kalmar ƙarya ce ba. Sai dai ta zama murfin da ake kifawa a kan tukunya ba tare da an leƙa abin da ke ciki ba, kuma a ƙarƙashinta akwai wani zato wanda ba a cika furta shi ba, watau cewa malaman da suka tsara waɗannan waƙoƙi sun ga jama'a ba su da ilmi, hujja ba za ta shige su ba, don haka suka ajiye hujja suka ɗauki bulala. A bisa wannan zato, tsoro madadin sani ne, abin da ake ba jahili in an rasa yadda za a ilmantar da shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa masu waƙoƙin ba haka suka ɗauki al'amarin ba, kuma mai nazarin da bai san yadda suka ɗauke shi ba, ba shi da ma'aunin da zai raba waƙar wa'azi mai ƙarfi da raunanniya.

Littafin Mervyn Hiskett na 1975 kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, da kundin digirin Abdulƙadir Ɗangambo na 1980 a Jami'ar London kan waƙoƙin wa'azi, sun share fage wajen bin diddigin waƙoƙin da feɗe zubinsu da salonsu. Tambayar da ake son tsayawa a kanta a nan daban take: mene ne matsayin motsin zuciya a wurin sani da imani, a ganin mawaƙan su kansu?

Ya kyautu a fara da harshen da aka yi waƙoƙin da shi. Hausa ba ta da wata tsohuwar kalma guda wadda ta tattara tsoro da fushi da so da baƙin ciki a inuwa ɗaya. Shi ya sa aka ari "motsin zuciya" a wannan maƙala, don rashin wadda ta fi ta. Abin da Hausa take da shi shi ne mazaunan waɗannan abubuwa: ciki, da zuciya, da rai, da hankali. Na ƙarshen nan shi ya fi ban sha'awa. Hankali shi ne abin da mahaukaci ya rasa, shi ne abin da yaro ke yi in ya girma, shi ne kuma kalmar da malaman zaure ke fassara aƙlu da ita. Amma in an ce hankalin mutum ya tashi, ba ana nufin tunaninsa ya kuskure hujja ba ne, ana nufin damuwa ta kama shi; kwanciyar hankali kuwa natsuwa ce. Haka nan kalmar imani. A littafin tauhidi gaskatawa ce. A kasuwa da cikin gida kuwa, in an ce wane ba shi da imani, ana maganar wanda ke azabtar da maraya ne, ko wanda ke ɓoye hatsi a shekarar yunwa, ko da kuwa shi ne a sahun farko kowace asuba. Ƙauna ma fuska biyu gare ta, domin so ce, amma wanda ya yanke ƙauna sa rai ya daina. Ba daidai ba ne a gina falsafa a kan salon magana, kuma wasu harsunan ma suna da irin wannan. Sai dai mawaƙi da kalmomi yake aiki kamar yadda masu sauraro ke jin su, kuma Bahaushen da aka ce wa ya yi imani bai taɓa jin an ce masa ya riƙe wata magana a ka kawai ba.

Malaman jihadi ba a kan salon magana kaɗai suka dogara ba. Sun gāji bayani tsararre, wanda ya fi fitowa fili a Ihya'u Ulumiddini na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, musamman a babin da ya keɓe wa tsoro da fata. A wurin Gazali kowane mataki na tafiyar bawa zuwa ga Ubangijinsa abu uku ne a jere: sani, sa'an nan halin da sanin ke haifarwa a zuciya, sa'an nan aikin da halin ke haifarwa a gaɓoɓi. Tsoro shi ne na tsakiya. Ba ya zuwa sai an san abin tsoron, kuma gwargwadon sanin gwargwadon tsoron, abin da ya dace da aya ta 28 ta Suratu Faɗir, wadda ta jingina tsoron Allah na haƙiƙa ga masu sani. Ya kawo misalin yaro da ubansa a ɗaki, maciji ya shigo. Yaron bai san maciji ba, yana ma iya miƙa hannu ya kama shi. Amma in ya ga uban ya zabura yana makyarkyata, shi ma sai ya tsorata. Tsoro biyu ke nan a ɗaki ɗaya, na uban daga sanin dafi ya fito, na yaron kuwa aro ne. Gazali bai zubar da tsoron yaron ba, amma ya ɗauke shi mai rauni, mai saurin gushewa. Ya kuma yi wa tsoro iyaka ta sama da ta ƙasa. Wanda ya gaza shi ne na mai zubar da hawaye in ya ji wa'azi, da an tashi ya koma inda ya fito. Wanda ya wuce kima shi ne mai kai mutum ga yanke ƙauna, ya hana shi aikin da aka tsoratar da shi domin ya yi. Fata ma haka: manomin da ya gyara gona ya shuka ya zauna jiran amfani shi ne mai fata, wanda bai shuka ba yake jira kuwa ruɗaɗɗe ne.

Akwai kuma wata rigima ta zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wadda ke da muhimmanci ga wannan magana, ko da yake ba a cika kawo ta cikin nazarin adabi ba. Tun kafin hijira zuwa Gudu a 1804, Shehu ya yi fama da wasu ɗaliban ilmin tauhidi waɗanda ke titsiye talakawa da tambayoyi kan siffofin Ubangiji da hujjojinsu, wanda duk ya kasa amsawa a bisa tsarin littattafansu sai su kafirta shi. Shehu ya yi musu raddi a littattafai da dama, cikinsu har da Hisnul Afhami. Bai yarda cewa imanin manomi ko na tsohuwa ba kome ba ne don kawai ba su iya jera hujja da kalmomin malamai ba. A lokaci guda kuma shi ne ya zargi malamai, a Nurul Albabi, da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Mutumin da ya tsaya a kan waɗannan matsayi biyu ba zai ɗauki talaka a matsayin wanda sani ya fi ƙarfinsa ba. Yana ganin sa ne a matsayin wanda ya sani a dunƙule, yana bukatar a warware masa, yana kuma bukatar a tashi abin da ya sani daga barci.

Wannan na biyun shi ne aikin waƙar wa'azi, kuma abokiyar gābarta ta farko ba jahilci ba ce, gafala ce. Babu wanda ke bukatar malami ya sanar da shi zai mutu. Kowa ya raka gawa, kowa ya ga an mai da ƙasa. Amma mutum ya dawo daga maƙabarta ya tauye mudu kafin la'asar. Ya sani, sanin bai taɓa shi ba. Hausa tana da kalma ga sanin da ya taɓa mutum, watau sakankancewa, kuma tazarar da ke tsakanin sani da sakankancewa ita ce filin da mawaƙin wa'azi ke noma. In ya siffanta fitar rai, da wanka, da likkafani, da komawar masu rakiya, ba labari yake bayarwa ba, yana mai da abin da mai sauraro ya sani game da mutane ne ya zama abin da ya sani game da kansa.

Waƙar da ta fi nuna wannan a sarari ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci bayan an ci nasarar jihadi, aka kuma san ta da Hausa ta hannun 'yarsa Nana Asma'u wajen 1831. Abu uku ne abin lura game da ita. Na farko, kalmomin da suka zama sunanta, waɗanda ke dawowa a ƙarshen baitoci, ba kalmomin tsoro ba ne, na sani ne. Mawaƙin bai rufe gargaɗinsa da umurnin a firgita ba, da umurnin a tabbata ya rufe shi. Na biyu, ginin gargaɗin ginin sharaɗi da sakamako ne: wanda ya aikata kaza, kaza zai same shi, kuma sau da yawa sakamakon yana ɗaukar kamannin laifin, har mai sauraro ya ji cewa azabar ba daga waje aka ɗoro ta ba, daga cikin aikin ta tsiro. Wannan siffar hujja ce, ko da an rera ta. Na uku, kuma shi ya fi rushe zaton da aka fara da shi, waɗanda waƙar ta fi nuna wa yatsa ba talakawa jahilai ba ne. Masu mulki ne, da alƙalai, da masu ƙwace dukiyar mutane da sunan iko, watau mutanen da suka yi karatu, suka yi yaƙi, suka ci, har ya zama ba su da sauran wanda za su ji tsoro a bayan ƙasa. Ba ilmi suka rasa ba. Da tsoro madadin sani ne, da ba su ne za a yi wa wannan waƙa ba.

A Godaben Gaskiya ta Nana Asma'u, ta wajen 1842, tsarin ya fito ta wata fuskar. Waƙar ba ta bar siffanta wuta ya tsaya shi kaɗai ba. Ta haɗa shi da koyar da abin da ya wajaba a kan Musulmi, ta kuma auna shi da siffanta Aljanna. Mai karatu da ya ciro baitocin azaba kaɗai ya kafa su hujja kan halin waƙar, ya yi kamar wanda ya ɗanɗani gishirin miya shi kaɗai ya ce an cika gishiri.

To, amma ba kowace waƙar wa'azi ce ta kai wannan matsayi ba, kuma girmama malamai bai hana a faɗi haka ba. Akwai reshe babba na wannan adabi, wanda sunaye irin su Jan Mari da Baƙin Mari suka isa nuna inda ya sa gaba, inda siffanta azaba ke ɗaukar fili mai yawa. Kayan aikin sanannu ne: kunamu da macizai, sarƙoƙi da ƙuƙumma, itaciyar zaƙƙumu, tafasasshen ruwa, da sunayen wuta bakwai daga Jahannama zuwa Hawiya. Ba yawan waɗannan ne aibi ba, kuma ba mawaƙan suka ƙage su ba. Aibin yana zuwa ne a inda igiyar da ta ɗaure azaba da aiki ta tsinke, baiti ya bi baiti ana ƙara wa wuta itace, mai sauraro kuwa ya daina jin wane hali nasa ake magana a kai. A nan Hausa ta fi mai nazari tsantseni, domin ta raba tsoro da firgita da razana. Firgita ta jiki ce, tana zuwa farat ɗaya ta wuce, ba ta bukatar a san kome. Ƙarar faɗuwar kwano ma tana kawo ta. Baitin da ya firgita mutum bai sa shi ya san kansa ba, tsoron yaron nan ne na misalin maciji ya samar. Ga shi kuma ba ya jure maimaici. Ido wa ka raina, in ji Hausawa, wanda nake gani yau da gobe. Kunnen da ya sha jin kunamu a baiti bayan baiti yakan wayi gari yana jin su kamar lissafin kayan lefe. Mai yiwuwa ne a tarar da iri biyun nan cikin waƙa ɗaya, don haka ba waƙa za a yanke wa hukunci a dunƙule ba, baiti baiti za a bi ta.

Sai dai akwai uzurin da ya wajaba a yi wa mawaƙan kafin a zartar da hukunci. Mai nazari na yau a takarda yake ganin waƙar, ita kaɗai, cikin boko. Ba haka ta rayu ba. Matan nan 'yan taru, waɗanda ke tasowa daga ƙauyuka zuwa wurin Nana Asma'u a ƙarƙashin jagorancin jajinsu, ba haddace baitoci kawai suke yi ba. Ana rera waƙar, ana warware ta, jaji ta koma gida ta warware wa wasu. Abin da ya zama jerin azabobi tsirara a shafi, mai yiwuwa ne a tsakar gida yana tafe da bayanin da ke ɗaure kowace azaba da laifinta. Sharhin baki ya tafi da masu shi, baitocin suka rage. Wannan bai wanke kowane raunannen baiti ba, amma ya isa ya sa mai suka ya sassauta murya.

Wata tambaya mai wuya tana biye da wannan. In waƙa ta girgiza mutum har ya yi kuka, shin kukan hujja ne cewa abin da ta faɗa gaskiya ne? Babu alamar malaman jihadi sun ɗauka haka, kuma ba za su iya ɗauka ba, domin sun san garaya a wurin bori tana girgiza mutane, kirarin maroƙi ma yana sa mai dukiya ya yi kyautar da zai yi nadama a kanta da safe. Da motsin zuciya hujja ne, da mai garaya ya fi malami hujja. Gaskiyar magana a wurinsu daga Littafi da Sunna take fitowa, shi ya sa waƙoƙin ke yawan mai da mai sauraro ga waɗannan tushe biyu. Abin da motsin zuciya ke shaida a kai shi ne mai sauraron: ko maganar ta iso shi, ko tana bakin ƙofa. Wanda ya ce ya gaskata da hisabi, amma ambaton hisabi bai taɓa hana shi cin ƙwandalar wani ba, to, akwai abin dubawa a gaskatawar tasa. A nan ne ma'anar imani ta littafi da ta kasuwa suka haɗu.

Har zuwa nan mawaƙan suna tafe ne a bayan Gazali, sani a gaba, hali a biye. A waƙoƙin bege ne suka nuna wani abu wanda jerin nan na uku bai ɗauke shi duka ba. Yaron Kano ko na Katsina yana jin Ishiriniya ta Alfazazi a dararen Mauludi tun bai san kalma ɗaya ta Larabcinta ba, kuma zuciyarsa takan karkata tun kafin a fassara masa. In ya girma ya zauna gaban malami don a warware masa ita, karkatar nan ce ta kai shi. A nan hali ne ya riga sani, ya kuma jawo shi. Nana Asma'u ta yi aiki da wannan a Begore, inda tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo a cikin zanen bege: mai rerawa tana koyon sira ne, amma abin da ke riƙe da ita har ƙarshen doguwar waƙa ba kwaɗayin sanin tarihi ba ne. Ana iya cewa wannan ma aro ne, kamar tsoron yaro. Bambancin shi ne tsoron aro yakan sa mutum ya guji abin, so na aro kuwa yakan sa ya matso ya duba, kuma wanda ya matso ya duba yana gab da sani.

Wannan ne ya sa Infiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya da ya rasu a 1990, ta shiga inda waƙoƙin azaba zalla ba su shiga ba. Akwai wa'azi a cikinta, akwai mutuwa da ƙyamar ruɗin duniya, amma sunanta kansa yayewar ƙunci yake nufi, kuma yabo da bege ne suka riƙe ginin. Masu nazarin kari sun danganta karinta da kiɗan caji, watau mawaƙin ya ɗauki amon da ya riga ya san yana motsa mutane ya ɗora masa wani kaya. Wannan shaida ce cewa ya san motsin zuciya ba shi da alƙibla ta kansa, sai wadda aka fuskantar da shi. Akwai kuma abin da makantarsa ta ƙara wa waƙar ba tare da ya nema ba. Bege kewar wanda ba a gani ne, kuma a gaban wanda ake bege a Infiraji, mai ido da makaho ɗaya suke. Babu wanda ya gan shi a cikin masu sauraro. Da almajirai da makafi suka ɗauki waƙar suka bi da ita ƙofa ƙofa, matan da ke miƙo musu sadaka daga bayan zaure sun haddace baitocinta ba tare da sun taɓa ganin takardarta ba.

Saura baƙin ciki, wanda shi ne ya fi kowane motsin zuciya kusa da yin karo da imani, tun da mai imani an umurce shi da haƙuri da yarda da ƙaddara. Marsiyyar da Nana Asma'u ta yi da Larabci ga aminiyarta A'isha, matar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wadda ta rasu a 1855, ba waƙar wa'azi ba ce, ba kuma ta Hausa ba ce, amma hannun da ya rubuta Godaben Gaskiya shi ya rubuta ta. Asma'u ta haura shekara 60 a lokacin, ta riga ta binne mahaifinta da ɗan'uwanta Bello da mijinta Giɗaɗo, ta kuma shafe shekaru tana koya wa mata haƙuri. Ba ta ɓoye hawayenta ba, ba ta kuma nemi gafara a kansu ba. A tsakiyar kukan ta tsaya ta kawo hukunci, cewa hawayen tausayi da kewa ba a hana su ba, kururuwa aka hana, sa'an nan ta ci gaba da kukanta a cikin iyakar da ta shata.